Hermelinda Pariona da Jan Zaren Gidan Tinco

Haihuwa da Asali

A ranar 9 ga watan Mayu na shekarar 1948 aka haifi Hermelinda Pariona Tinco a ƙauyenmu na Chilwapata, cikin duwatsun lardin Ayacucho na ƙasar Peru. Mahaifinta, Saturnino Pariona, makiyayin tumaki ne mai ƙarancin magana da saurin fushi. Mahaifiyarta, Basilia Tinco, masaƙiya ce da ta yi fice wajen rini, musamman wani ja mai kaifi da ta gada daga uwarta, wanda kowa ya sani da jan gidan Tinco. Cikin 'ya'ya biyar da aka haifa a gidan biyu kaɗai suka rayu, ita da yayanta Nemesio, wanda ya girme ta da shekara huɗu kuma bai taɓa barin ta manta da hakan ba.

Bisa al'adarmu, kowace shekara akan huda kunnen dabba a ɗaura mata zaren ulu mai launin gidan masu ita, kuma duk abin da aka ga zaren wani gida a jikinsa, tunkiya ce ko tulu ko damin itace, ya haramta ga hannun kowa. Hermelinda ta iya wannan ƙulli tun kafin ta iya rubuta sunanta.

A bayan ƙauyen akwai Babban Gangare, mazaunin titanka, tsiron nan mai ganye kamar takubba masu ƙugiya, wanda yakan shafe kimanin shekara tamanin a tsugunne kafin ya fitar da sanda guda mai tsawon gaba biyar, cike da dubban furanni, ya zubar da iri, ya mutu. Makiyaya ba su taɓa ƙaunarsa ba, domin ƙugiyoyinsa sukan kama ulun tunkiya su riƙe ta har ta mutu a tsaye, kuma maganinsa a wurinsu shi ne wuta. A shekarar 1955 titanka ɗaya ta riƙe wa Saturnino 'yan tumaki biyu, ya fusata ya ƙone guda goma sha ɗaya a yini guda. Hermelinda tana da shekara bakwai, ta yi kuka har ya kore ta gida, yana zaton tumakin take yi wa.

Karatu

An saka ta makarantar firamare a 1956, bayan doguwar gardama tsakanin iyayenta a kan wanda zai bi garke, gardamar da Basilia ta yi nasara kamar yadda ta saba. Ta kammala a 1961, ta wuce sakandare a birnin Huamanga inda ta zauna hannun ƙanwar mahaifiyarta, sannan ta shiga jami'ar birnin a 1967 ta karanci ilimin tsirrai. A can ta fahimci cewa an auna tsawon titanka, an zana ganyenta, an raɗa mata suna da Latin, amma ba a samu wanda ya zauna ya ƙirga masu ziyartar furenta a gangarenmu ba. Mu dai mun san kenti ne, ɗan tsuntsun nan mai dogon baki da ke tsayawa cak a iska yana shan ruwan fure, yana kwashe garin wannan fure ya kai wa wancan. Sai dai abin da ƙauye ya sani daban ne da abin da takarda ta tabbatar, kuma takarda take so ta kafa.

Da ta kammala a 1973 ta dawo gida da wannan niyya, Nemesio ya dube ta sama da ƙasa.

"Wato shekara goma sha bakwai kina karatu don ki dawo gadin ƙaya?" ya ce. "Ai da kin faɗa mini, da na koya miki a mako guda."

Duk da haka shi ya sassaƙa mata tsani, kuma shi ya riƙe mata shi har ƙarfinsa ya ƙare.

Farkon Aiki

A 1974 ta samu aikin bincike a jami'a, tana koyarwa a birni, tana dawowa ƙauye kowane rani. Titanka ba ta fure kowace shekara. Sai a yi shekara biyar ko bakwai gangaren shiru, sannan gommai su miƙe a lokaci ɗaya, saboda haka mai nazarinta yakan samu dama shida ko bakwai ne kacal a tsawon rayuwarsa. Damarta ta farko ta zo a watan Oktoba na 1976, lokacin da guda arba'in suka fitar da sanda.

Tsarinta mai sauƙi ne. Takan hau tsani ta zaɓi ƙananan rassa goma a jikin kowace sanda, ta sauko ta zauna da agogo da kundi daga fitowar rana zuwa tsakiyarta, tana jan layi duk lokacin da kenti ya sauka a ɗayansu. Matsalar ita ce yadda za ta gane rassanta daga ƙasa cikin ɗaruruwa. Takardun da ta fara manna musu don shaida, iska ta kwashe su a kwana biyu. Basilia ce ta shiga ɗaki ta fito da dunƙulen zare.

"Ungo, ɗaura musu wannan," ta ce. "Daga nesa za ki hango shi. Kuma duk wanda ya ga jan gidanmu ya ɗauko ashana, ni zai gani."

Hermelinda ta ɗaura wa kowane reshen da take ƙirga jan tuntu irin na kunnen tunkiya. A wannan shekara ba a ƙone titanka ko ɗaya ba, domin babu namijin da ke son Basilia Tinco ta tsaya masa a ƙofar gida. Sakamakon ƙidayar ya ba ita kanta mamaki: sau goma sha tara kenti ke sauka a kowane reshe cikin sa'a guda. Ta maimaita a furen 1981 da zaren nan dai, adadin bai sauya ba.

A watan Maris na 1982 ta gabatar da hujjarta gaban taron ƙauye. Ta ce gangaren nan rumbun kenti ne, tsuntsun da ko yaro mara kunya ba ya jifa, kuma idan wuta ta ci titanka, tsuntsun zai rasa rumbu, titankar da ta rage ta rasa mai yi mata barbara. Ta faɗi goma sha taran nan sau uku. Fortunato Yupari, wanda ya fi kowa tumaki, ya yi adawa da babbar murya, amma aka rinjaye shi. Taro ya haramta wuta da kiwo a Babban Gangare, aka kewaye shi da duwatsu. Daga ranar garkunan ƙauye suka koma zagaya dutse, tafiyar sa'a biyu kowace safiya kafin su isa ciyawa, kuma daga ranar aka laƙaba mata Goma Sha Tara, sunan da ta riƙa amsawa da murmushi.

Aure da Zuriya

Ta auri Teófilo Arango, malamin firamaren ƙauye, a ranar 18 ga Agusta, 1979. Mutum ne mai haƙuri wanda yakan gaya wa baƙi cewa shi ne na uku a zuciyar matarsa, bayan ƙaya da tsuntsu, kuma ya gode da matsayin. Sun haifi Maximiliana a 1980, Celso a 1983, Yolanda a 1987.

Shekarun tashin hankali tsakanin 'yan tawaye da sojoji sun tilasta musu ƙaura zuwa Lima, babban birnin ƙasar, a 1984. Saturnino ya rasu a 1986, hanya ba ta buɗe ba balle ta halarci jana'izarsa, abin da ya dame ta har ƙarshen rayuwarta. Da suka dawo a 1993 ta tarar da rabin gidajen ƙauye babu rufi, amma gangaren yana nan yadda ta bar shi. Ta yi ƙidaya ta uku a 1994, ta sami digirin digirgir a 1997, ta yi ta huɗu a 1999. Adadin nan ya shiga mujallu, ɗalibai suka haddace shi, baƙi suka riƙa zuwa daga nesa suna ɗaukar hoton jajayen tuntaye suna lilo a saman sanda.

Shekarar Makoki

Basilia Tinco ta rasu a watan Yuni na 2004 tana da shekara tamanin da ɗaya. A wurinmu gidan da aka yi rashin uwa yakan shafe shekara cikin baƙaƙen kaya, akan kuma naɗe jan zare a ajiye. Da titanka ta yi fure a watan Oktoba, Hermelinda ba ta yi wani dogon tunani ba, ta ɗauki baƙin zare ta ɗaura.

Ƙidayar ta faɗo zuwa shida. Ta sake washegari, shida. Mako biyu tana ƙirgawa hankalinta na ƙara tashi, domin ta sakankance cewa wata masifa ta auka wa tsuntsayen, har ta fara rubuta wasiƙar gargaɗi ga abokan aikinta. Wata hantsi ta rufe kundin ta juya wurin Nemesio, wanda ke jingine da tsani yana taunar ganyen koka, wanda mutanenmu ke ci kamar goro.

"Yaya, kenti suna ƙarewa. Daga goma sha tara zuwa shida fa."

Ya ɗaga kai ya kalli sandar. "Ƙarewa? Ga su can suna ta dambe a sama. Wurinki ne dai ba sa zuwa."

"Don me ba za su zo ba?"

"Kin ɗaura musu baƙi, me za su zo yi? Ta'aziyya?" Ya yi dariya har ya ƙware. "Haba Dokta! Ko ɗan goye a garin nan ya san kenti ja yake bi. Kin manta yadda suke addabar Inna in ta shanya rini? Ni ai na ɗauka don ki kira su kike ɗaurawa."

Ba ta manta ba. Ta san wannan tun tana yarinya, ta kuma karanta shi a littafi, amma a idonta zaren nan alamar gida ce, ba launi ba, kuma shekara ashirin da takwas ba ta taɓa haɗa biyun ba. Ta zauna a ƙasa.

Washegari ta karya dokar makoki, ta kwance dunƙulen uwarta. Kwana biyar tana gwaji: wasu rassa da ja, wasu da baƙi, wasu babu komai. Masu ja sun sami goma sha takwas, masu baƙi shida, waɗanda ba a taɓa ba bakwai. Aikin rayuwarta ya tsaya ne a kan tsuntsayen da ita da kanta ta gayyato.

Nemesio ya daina dariya da ya gane girman al'amarin.

"Saurara, ƙanwata. Ni da ke kaɗai muka sani. Shekara ta cika ki mai da janki, ki ci gaba da sha'aninki. Fortunato da mutanensa sun fi shekara ashirin suna jiran ki yi tuntuɓe. Kika buɗe baki, wallahi sai sun ƙone wurin nan."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Wata biyar ta yi da maganar a ciki, ta rame, ta zama mai faɗa, kuma daga baya ta shaida wa Teófilo cewa ta so yin shiru ƙwarai, har ta tsara yadda za ta yi bayanin shidan nan ba tare da ambaton zare ba. Abin da ya hana ta shi ne ƙofar gidanta. Kowace safiya mata sukan wuce da garke a kan hanyar zagaye, wasu da goyo, wasu sun tsufa a kan hanyar, suna gaishe ta: "Mun tashi lafiya, Goma Sha Tara?" Sunan da ta fi so ya zama abin da ba ta iya ji.

A taron Maris na 2005 ta miƙe cikin baƙaƙen kaya ta bayyana komai, ba ta rage ba, ba ta jingina laifin ga kowa ba. Ta ce adadin gaskiya bakwai ne, kuma ba ta da tabbas ko bakwai ɗin na nufin titanka ta dogara da kenti kamar yadda ta yi iƙirari. Ta roƙi a ba ta lokaci har fure na gaba. Fortunato ya miƙe a hankali, ya dogara da sandarsa.

"Bari in gane, 'yar Saturnino. Shekara ashirin da uku matanmu na zagaya dutse saboda zaren uwarki?"

"Haka ne, Baba Fortunato."

"To bakwai ɗin ma wa ya ce bakwai ne?"

"Ni na ce. Kuna da ikon ƙin yarda."

"Mun kuwa ƙi."

Da ƙuri'a saba'in da ɗaya a kan talatin da takwas, taro ya buɗe rabin gangaren na ƙasa ga kiwo. A watan Agusta aka saka wuta. Kwana uku hayaƙi na tashi, kuma titanka ɗari shida da goma sha biyu suka ƙone, wasunsu saura 'yan shekaru su yi fure. Hermelinda ta tsaya a bakin katangar duwatsu duk kwanakin ukun tana rubuta lambar kowace da ta faɗi. Ba ta zagi kowa ba, domin ta san ba su da laifin da ya kai nata, amma baƙin cikin ya kusa kashe ta. Nemesio ya yi fushi da ita, bai taka gidanta ba sai da shekara ta zagayo. A ƙarshen 2005 ta wallafa gyara da sunanta ita kaɗai, ta janye adadin daga dukkan rubuce-rubucenta, kuma gayyatar taruka ta ragu ƙwarai daga lokacin.

Shekarun Baya

Ta sake fara aikin daga tushe tana da shekara hamsin da bakwai. Wannan karon ba ta ɗaura wa reshe komai ba. Takan zana kowace sanda a kundi, ta ƙirga rassa daga ƙasa don gane nata, aikin da ke cin ninki uku na lokaci. Ta kuma ɗinka jakunkunan farin yadi mai shara-shara domin rufe wasu rassa a wasu sanduna na daban, ta ga ko za su yi iri ba tare da tsuntsu ba. Ta yi ritaya a 2010. A furen 2011 guda tara kacal suka miƙe a rabin da ya tsira, kuma ko da yake sakamakon ya yi mata daɗi, ta ƙi kai shi gaban taro, tana cewa tara ba hujja ba ce. Magoya bayanta sun ji haushin wannan taurin kai, ni ma ina cikinsu.

Teófilo ya rasu a watan Yuli na 2012. Bayansa gwiwoyinta suka lalace, hawa tsani ya gagare ta, ta zauna tana jiran tsiron da ba ya sauri don kowa.

A Oktoban 2018 guda ɗari da talatin suka fitar da sanda. Kowace safiya akan ɗora ta a kan doki a kai ta gangare, ta zauna a kujera da madubin hangen nesa, Maximiliana, wadda ta ɗauki hutu daga aikinta, tana hawa tsani a madadinta. Nemesio, mai shekara saba'in da huɗu, ya riƙa zama a gefe yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Bayan kwana arba'in da shida adadin ya tsaya a bakwai. Da iri ya nuna suka ƙirga, rassan da tsuntsu ya ziyarta sun ninka rufaffun sau biyar. Titanka ta dogara da kenti kamar yadda ta faɗa tun 1982, kuma bakwai ɗin ya wadatar.

An kai ta taron Maris na 2019 a kujera. Ƙauyen ya ragu, Fortunato ya kusa casa'in, kunnensa ya yi nauyi, sai da aka maimaita masa bayanin da ƙarfi.

"Wane launi kika ɗaura wannan karon?" ya tambaya.

"Babu, Baba."

"Babu ko kaɗan?"

"Ko sili ɗaya."

"To bakwai ne," ya ce, sannan ya jefa ƙuri'arsa a kan ƙin rufe gangaren, domin tumakinsa na nan kuma hanyar zagaye ba ta gajarta ba. Da arba'in da huɗu a kan talatin da tara aka maido da haramcin a kan gangaren baki ɗaya. Cikin makon ta sa aka kai ta rabin da ya ƙone, ta watsa irin da suka tara da hannunta.

Rasuwa da Jana'iza

Ciwon huhu ya kwantar da ita a ƙarshen watan. Kwana biyu kafin cikawarta Nemesio ya zo da la'asar ya zauna a bakin gadonta, ya daɗe yana juya hularsa.

"Kin ga dai," ya ce, "ashe tun farko kina da gaskiya. Da kin bi maganata, da ɗari shidan nan suna tsaye."

"Ɗari shida da goma sha biyu, Yaya," ta ce. "Na sani. Kullum sai na ƙirga su."

Hermelinda Pariona Tinco ta rasu da safiyar ranar 2 ga Afrilu, 2019, tana da shekara saba'in. An yi mata addu'a a majami'ar ƙauye washegari, aka binne ta a maƙabartar Chilwapata kusa da mijinta. Ta rasu ta bar yayanta Nemesio da 'ya'ya uku: Maximiliana, malamar asibiti a Huamanga, Celso, direban babbar mota, da Yolanda, wadda ta gaji sana'ar saƙa, tare da jikoki biyar. Irin da ta watsa ya tsiro a wurare ɗari biyu da 'yan kai, kowanne bai fi tafin hannu ba. Waɗanda suka tsallake sanyi da fari za su yi fure wajen shekarar 2099, lokacin da ƙaramar jikarta, idan ta yi tsawon rai, za ta cika tamanin da huɗu.